Sunan da Aminata Ta Kasa Faɗa

Sabha, unguwar Manshiya
Farkon watan Rajab

Zuwa ga taubashiyata Bassira, a Kance,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida da dabbobi. Illia ne, jikan Iya Hure ƙanwar kakanki, wanda ya bar gida tun kina goyon fari. In kin manta fuskata ba ki yi asara ba, don ni ma in na duba madubi sai in ji kamar in yi sallama. Jikina da sauƙi. Ƙafafu sun kumbura, ƙirji yana kuka kamar tsohon ƙyaure, amma ina tashi in yi alwala da kaina. Ina zaune ni kaɗai a wani ɗaki bayan garejin wani ɗan garin nan mai suna Hamed. Shi zai ɗauki hoton wannan takarda da wayarsa ya tura wa Salifou mai shago a bakin kasuwarku. Kunnena ba ya riƙe maganar waya, shi ya sa nake rubutu. An ce mini kin yi karatun manya kin iya boko. To, ga ranar amfaninsa ta zo.

Ban yi miki ta'aziyyar ɗanki Yacouba yadda ya kamata ba. Ni na tsaya aka yi masa sutura a Zighan bara, bayan ya faɗo daga bishiyar dabino a gonar da yake aiki. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne: jikarki, takwararki, wadda ake kira Uwani, tana raye. Na gan ta da idona.

Bayan rasuwar Yacouba, matarsa Aminata ta dawo cikin Sabha da yarinyar, tana wanke-wanke a gidajen mutane kafin ta sami hanyar gida. Takan aiko mini da kunu ranar Juma'a. Da kunu ya daina zuwa na zaci hidima ce ta yi mata yawa. Ashe 'yan sanda, waɗanda a nan ake ce wa shurɗa, sun shiga layinsu sun kwashe baƙin da ba su da takarda. Kafin labari ya iso ni an riga an loda matan a manyan motoci an nufi iyaka da su. Na ce to, uwa da 'ya sun tafi tare, Allah ya kai su lafiya.

Sai makon jiya wata mata da ke dafa abinci a gidan da ake tsare baƙi, can bayan gari, ta zo gaida matar Hamed. Ta ce akwai wata 'yar Hausa a ɓangaren yaran da ba su da kowa, ba ta magana. Hamed ya rufe gareji ya kai ni.

Na same ta a tsakar gidan, tsugune cikin layi da wasu yara, hannuwansu a kai. Ba wanda ya sa su. Wasa suke yi: ɗaya ya zama mai gadi yana ƙidaya su da Larabci, in ya gama ya sake farawa. Na kira ta Uwani, ba ta waiwayo ba. Na kira ta da sunanki, ba ta waiwayo ba. Na miƙa mata dabino, ta karɓa ta cusa cikin riga, ta koma layi. An aske mata kai saboda kwarkwata. Ta rame, amma ban ga ciwo a jikinta ba.

Na ce a ba ni ita. Shugaban gidan, mudir suke ce masa, sunansa Moataz, ya tambayi dangantakarmu. Ina fara jero masa kakanni ya ɗaga mini hannu. Ya ce ba ya ba da yaro sai ga uwa ko uba, kuma wannan yarinya ba a san uwarta ba. Yaya za a ce ba a san uwarta ba alhali tare aka kama su?

Ki gaya mini, Aminata ta iso? In ta iso ki tambaye ta abin da ya faru ranar. Ni zan ci gaba da zuwa.

Naki,
Illia


Kance
Tsakiyar Rajab

Illia, tsohon da ya gudu ya bar mana noma,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo. Salifou ya buɗe mini ita a waya, na karanta da tabarau biyu, nawa da na maƙwabciya, saboda rubutunka na 'yan lakwal ɗin da ne, wato makarantar boko, duk ƙafafu kamar gizo-gizo. Wallahi na zaci ka daɗe da mutuwa ba a faɗa mana ba. Ashe kana nan kana cinye wa Larabawa dabino. Muna lafiya. Gwiwa ce ta ƙi ni, ido ma ya fara hazo. Gero ya yi dama-dama.

Da na kai wurin da ka ce takwarata tana raye sai na ajiye wayar na yi sujada a cikin shagon, a gaban mutane. Allah ya saka maka, ya saka wa wannan Hamed.

Aminata ta iso tuni. An sauke su a Agadas, daga can ta biyo motar Damagaram. Ta shigo gidan nan da ƙullin kaya ɗaya, babu kowa a bayanta. Na tambaye ta ina yarinya. Ta durƙusa ta ce tana can. Na sake tambaya, ta ce an karɓe ta. Wa ya karɓa, don me aka karɓa, shiru. Ba ta yi kuka a gabana ba, kuma tun daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba. Tana daka, tana ɗebo ruwa, kamar wadda ta dawo daga kasuwa. Mata a bakin rijiya suna cewa ta bar yarinyar ne tana yi wa Larabawa aikatau. Wasu suna faɗin abin da ya fi haka muni, ba zan rubuta ba. Ni dai tun da ta dawo ban ci tuwon da ta tuƙa ba. In ta ajiye sai in tura wa yara.

Kai da ka iya harshensu, ka koma wurin mudirin nan ka tsaya masa a wuya. Ga hoton takardar haihuwar yarinyar da muka karɓo daga lameri, ofishin magajin gari, Salifou ya ce zai haɗa da wannan. Sunanta yana ciki, da na uwarta, da na ubanta. Yacouba ya tafi, ita kaɗai ya bar mini. Ni na yaye ta, a bayana ta yi wayo. Ka dawo mini da ita kafin idon nan ya rufe.

Ka riƙa shafa man shanu a ƙafar, in akwai shanu a wannan ƙasa taku ta yashi.

Taubashiyarka,
Bassira


Sabha, Manshiya
Ƙarshen Rajab

Taubashiya Bassira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Aminata da kyau. Ƙafa tana nan yadda take. Man shanu babu, sai man inji a garejin Hamed, kuma ya hana ni gwadawa.

Kafin komai: ki ci tuwon Aminata. Yau ɗin nan. Ba ta sayar da kowa ba, ba ta bar kowa ba.

Na yi ta zarya har mudir ya gaji da ganina a ƙofarsa, ya ba ni kujera ya gaya mini yadda aka yi. Ya ce sun sha kama mata da yaran da ba nasu ba, waɗanda aka ɗauko daga ƙauye don a yi bara da su. Saboda haka duk macen da aka kama da yaro sai a raba su, a tambayi kowa shi kaɗai. Tafintansu wani mutum ne da ya tsinci Hausa a kasuwa, ba a cikinta aka haife shi ba.

An tambayi Aminata sunan yarinyar. Ta sunkuyar da kai. Da aka matsa mata ta ce Uwani. A ɗayan ɗakin an tambayi yarinyar sunanta, ta faɗi naki, yadda mushe, wato malaminsu, yake kiranta a lakwal. An tambaye ta wace ce matar nan, ta ce Yaya, kamar yadda ta saba. Tafinta ya ce yarinya ta ce yayarta ce. Sai aka haɗa su, aka ce wa Aminata, ke kika haife ta? Ta kalli bango ta ce tamu ce. Aka faɗi sunan, aka ce ta maimaita. Ta rufe bakinta da gyale. Da aka janye yarinyar tana ihu, Aminata ta tsaya wuri ɗaya, ba ta bi ta ba, ba ta yi kururuwa ba. Mudir ya ce mini shi uban yara ne, bai taɓa ganin uwar da za ta tsaya haka ba.

Bassira, kin gane, kamar yadda na gane tun bai rufe baki ba. 'Yar fari ce. Kuma sunan uwar mijin Aminata ne a kanta. Ba ƙarya ce ta raba su ba, tarbiyya ce.

Na yi masa bayani cewa a wurinmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta rungumarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da cikinta yana ƙuna. Na ce balle in sunan surukarta ne. Ya dube ni kamar ina yi masa tatsuniya. Hamed ne ya cece ni. Ya ce kakarsa, wadda asalinta daga ƙasarmu take, har ta mutu a nan Sabha ba ta taɓa kiran babansa da suna ba, sai dai ta ce wancan. Mudir ya sa aka kawo shayi.

Na nuna masa takardar haihuwar. Ya ce takarda ta nuna akwai yarinya mai wannan suna, amma ba ta nuna matar da aka kora ita ce uwar ba. Ya ce in ya yi kuskure ya mayar da yarinya hannun masu fatauci da yara, da wane ido zai kalli Allah. Ban ga laifinsa a nan ba.

Ga abin da ya yarda da shi. A kira ta wayar da ake ganin fuska. Aminata ta kira yarinyar da sunan da ke cikin takarda, da bakinta, yana gani. Yarinyar kuma ta faɗi ko wace ce wannan. In haka ta faru zai miƙa ta ga ƙungiyar agaji da ke mayar da mutane gida.

Sunan naki ne. Aminata ba za ta taɓa shi ba sai in ke kika miƙa mata. Ina roƙon ki.

Illia


Kance
Farkon Sha'aban

Illia,

Salamu alaikum. Muna lafiya, ina fata kai ma haka.

Na ci tuwon. Na kuma ɗauki sandata na je bakin rijiya, na tsaya har matan suka taru, na gaya musu abin da surukata ta yi a gaban masu bindiga. Babu wadda ta ɗaga ido. 'Yar gidan mutunci na auro wa Yacouba, yau kowa ya sani.

Amma na karanta takardarka har na haddace wurin da ka ce tarbiyya ce ta raba su. Wato mu ne masu laifi. Su da suka kama mace da marainiya suka loda a mota kamar awaki ba su da laifi, mudirinka ma ka ce ba ka ga laifinsa ba, sai mu da muka koya wa 'ya'yanmu kunya. Ka daɗe a can, Illia. Shayinsu ya shiga kanka.

Aminata da ta riƙe kunyarta a inda namiji zai saki wandonsa, ita kake so in ce ta zo ta zubar a gaban wani ƙato, ina zaune? Sunana a bakin surukata? Uwata ba ta ji haka ba, kakata ba ta ji ba. Na ɗan taɓa mata maganar, ta tashi da gudu ta shige ɗaki, ranar ko ruwa ba ta ɗebo ba.

Ga abin da za a yi. Ni zan zauna gaban wayar. Ni na raine ta, za ta gane ni. Sunana ne, zan faɗe shi har mudir ya ƙoshi. Zan zo da liman da mai gari su shaida Aminata ce ta haife ta. In wannan bai ishe shi ba, to ba gaskiya yake nema ba.

Ka gaya masa haka, kada ka rage.

Bassira


Sabha, Manshiya
Tsakiyar Sha'aban

Taubashiya,

Assalamu alaikum. Ki yafe mini shirun da na yi, ba fushi ba ne. Jiri ne ya kwashe ni a ƙofar gidan tsarewar, na farka na gan ni a asibiti da roba a hannu. Da aka sallamo ni kuma wuta ta ɗauke a unguwar, waya ta ƙi tafiya. Yanzu da sauƙi. Hamed ya ɓoye mini takalma don kada in fita, na fita da silifan bayi. Da ya gan ni a bakin titi ya zage ni da Larabci, ya tayar da mota ya kai ni.

Ban ce ku ne masu laifi ba. Nono ɗaya muka sha da wannan kunya, ni da ke. Abin da nake nufi, Aminata ba ta yi abin da za a tsane ta ba. In alƙalamina ya karkace, ki ɗora wa rawar hannu.

Na kai wa mudir saƙonki ban rage ba. Ya ce kaka ba ita aka kama da yarinyar ba, liman da mai gari kuma bai san su ba. Matar da ta tsaya a gabansa ta ƙi faɗa, ita yake so ya ji. Ya kuma gaya mini abin da ya fi wannan nauyi: kafin azumi za a kwashe yaran da ba su da kowa a kai su wani gida a arewa, bakin teku. Shi ma ba zai san inda kowa ya faɗa ba.

Bari in gaya miki halin da takwararki take ciki, don ba na so ki yanke hukunci a kan yarinyar da kika sani. Waccan ba ta nan. Wannan tana fitsarin kwance, ita da ta daina tun tana bayanki. In ƙofa ta bugu da ƙarfi sai ta tsuguna ta ɗora hannu a kai, ko da abinci ne a bakinta. Burodin da ake ba ta tana tara shi cikin riga har ya bushe. Mai dafa abinci ta ce in wata mace ta shigo gidan, sauran yara sukan ruga su kama mata zane, ita kuwa sai ta juya ta fuskanci bango.

Kullum ina zama a gindin katanga inda inuwa take. Da farko nesa take tsayawa. Sannu a hankali ta fara zama kusa, ba ta kallona. Ni kuma in yi ta surutu, in ba ta labarin Kance, da ke, da yadda kika taɓa faɗawa cikin kududdufi kina yarinya kina bin agwagwa. Shekaranjiya ina cikin haka na ambaci Aminata. Sai na ji murya a gefena, ƙasa-ƙasa, ta dushe don rashin amfani.

Ta ce, "Yaya ba ta san ni ba. An ce ta faɗi sunana, ba ta sani ba."

Na ce ta sani mana, kunya ce, ke 'yar fari ce, kuma sunan kakarki ne. Na yi mata bayani kamar yadda na yi wa mudir. Ta saurara har na gama, sannan ta dube ni, karo na farko.

Ta ce, "Ko da za a tafi da ni?"

Bassira, na yi lakwal, na yi allo, na tsufa a ƙasar mutane, ban sami abin da zan ce wa yarinyar nan ba.

Ba don mudir nake roƙon ki yanzu ba. Ko da ya buɗe ƙofa yau ya ce in tafi da ita, wannan tambaya za ta bi ta har gida, ta girma da ita. Ba ni zan amsa ba, ba ke ba.

In kin ƙi, ba zan daina zuwa ba. In an kai su arewa zan hau mota in bi su, in na mutu a hanya Hamed ya san inda likkafanina yake. Amma ba ni take jira ba.

Illia


Kance
Bayan tsakiyar Sha'aban

Taubashi Illia,

Salamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Da shirunka ya yi tsawo na ce ko maganata ce ta kashe tsohon nan. Har masa na sa aka toya aka yi sadaka. Ashe kana can kana yawo da silifan bayi. Kuma ba agwagwa nake bi ba, kai ka tura ni, Allah yana gani.

Na karanta tambayar takwarata. Ban gama takardar a shago ba, na ce Salifou ya biyo ni da wayar gida.

Na kira Aminata ɗakina, na karanta mata wurin da kaina. Illia, ban taɓa jin mutum ya yi irin wannan kuka ba. Ashe tun da ta dawo, in ta ce za ta je itace, bayan gona take zuwa ta yi kukanta inda ba mai gani, ta wanke fuska ta dawo. Ta ce ranar sunan ya zo har bakinta, harshenta ya ƙi ɗagawa. Ta zaci za a sake tambayarta. Ba a sake ba.

Na ce mata, ni wace ce? Ta ce Inna. Na ce sunana fa? Ta kifa kai a ƙasa. Na ce, "Ki saurare ni. Ni na aike ki. Ba rashin kunya ba ne, aike ne. Na yafe miki duniya da lahira."

Ka zaci shi ke nan? Bakin da ya shekara da shekaru a ɗaure ba ya kwancewa don an ce ya kwance. Na ce ta je bayan ɗaki ta fara faɗa wa akuya. Ta dawo ta ce akuyar tana kallonta. Na ce to ta sa kai cikin randa ta faɗa. Da wannan ya yiwu, na koma bayan danga na ce ta faɗa ina jiyowa. Haka muka yi ta yi kamar masu koyon karatu. Jiya da hantsi ta durƙusa a gabana, ta faɗa kamar mai haɗiyar garwashi. Na ce na'am. Rabona da jin sunan nan a cikin gidan nan tun ina amarya, sai na ji kamar wata baƙuwa ake kira.

Yayar mijina ta aiko a gaya mini na lalata gida. Na ce a gaya mata gidan nawa ne, sunan ma nawa ne.

Ka gaya wa mudirinka ranar Alhamis bayan la'asar. A ɗakina za a yi, ba a shago ba. Zan zauna a gefenta, don in na fita za ta zaci na janye.

Ka ci abinci kafin ka je, kada ka sake faɗuwa ka ɓata mana aiki.

Bassira


Sabha, Manshiya
Ƙarshen Sha'aban

Taubashiyata Bassira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Aminata, ina gaida akuya. Na ci abinci, ban faɗi ba. Kin ga rabin abin da ya faru daga can. Bari in ba ki rabin da ke nan, don wayar ba ta nuna muku komai ba sai fuskar yarinyar da silin.

Da aka shigo da ita ofishin mudir ta ga mutum da kaki, sai ta tsuguna ta ɗora hannu a kai. Mudir ya tashi da kansa ya cire hularsa ya sa a aljihu, ya koma can gefe. Hamed ya riƙe wayar a gabanta. Da fuskar Aminata ta fito, yarinyar ta juya ta fuskanci bango. Wannan shirun da kuka ji mai tsawo, shi ne.

Na ga bakin Aminata yana motsi ba sauti. Na ga hannunki ya sauka a kafaɗarta. Sai ta faɗa. Ni ban ji ba, a fuskar Hamed na gani. Yarinyar ba ta juyo ba, amma hannuwanta sun sauko daga kai. Aminata ta sake faɗa da ƙarfi, wannan karon har ni na ji.

Uwani ta juyo. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi murmushi ba. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa wayar, ta ce, "Sake faɗa."

Kin san sau nawa ta sa ta maimaita, ni ban ƙidaya ba. Mudir ya bari har suka gaji. Sannan ya ce in tambaye ta wace ce wannan, in fassara masa kalma da kalma. Na tambaye ta. Ta ce, "Yayata ce. Ita ta haife ni." Na fassara ban ƙara ba. Ya jawo takarda ya sa hannu. Da za mu fita ya ce mini daga yau in an kama mace 'yar ƙasarmu da yaro, zai aika a ɗauko ni kafin a raba su. Na ce in dai Hamed ya mayar mini da takalmana.

An cire ta daga cikin masu tafiya arewa. Mutanen ƙungiyar agaji sun zo sun ɗauki hotonta. Sun ce da ayarin farko bayan an ga wata za ta taho, tare da wata ma'aikaciyarsu, har Agadas. Za su kira wayar Salifou. Aminata ta je ta tarye ta da kanta, kada a wakilta kowa.

Yanzu ki saurare ni, don na zauna da ita na san ta. Kada a taru a kanta ranar da ta iso. Kada a bugo ƙofa. In kun ga burodi ko tuwo a cikin rigarta ku bar mata, za ta daina in ta tabbata gobe ma akwai. In ta jiƙa tabarma kada a yi mata dariya, kada a bari yara su yi. In ta tsuguna ta ɗora hannu a kai, kada a ce mata tashi, wani ya zauna kusa da ita kawai har ta sauke. Ba za ta warke a wata ɗaya ba. Ban sani ba ko za ta warke duka.

Sauran yaran an tafi da su jiya da safe. Na tsaya a bakin ƙofa har motar ta ɓace. Ba abin da na iya yi musu sai tsayuwar.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyi. Bayan motar ta tafi muna zaune a gindin katanga, ni da ita. Ta ciro busasshen burodi daga riga ta gutsura mini. Sannan ta tambaye ni ko in ta koma gida Yaya za ta ci gaba da faɗa, ko kuwa don mai kaki yana wurin ne.

Na san abin da ke ranki. Kin ba da aron sunan ne na yini ɗaya, don a buɗe ƙofa, kina shirin karɓar abinki. Aminata ma haka take zato. To, ni na ce wa yarinyar eh. Na ce za ta faɗa a tsakar gida, za ta faɗa a bakin rijiya, za ta faɗa in tana kiranta cin tuwo, kakarki tana zaune tana ji. Ta tambaye ni wa ya ce. Na ce ke kika ce.

Na yi alkawari da bakinki ban tambaye ki ba. Ki zage ni yadda kike so, takarda tana ɗauka. Amma yarinyar nan tana tahowa da maganar a hannunta, kuma za ta saurara tun daga bakin ƙofa.

Taubashinki,
Illia